Babur ɗin da ba a bayarwa aro

Idan ka je sayen kalme wurin maƙerin garinmu, yakan dube ka tukuna, ya ga tsawonka da faɗin tafinka, sannan ya zaɓo maka ƙota. Kamfanin da ke ƙera Bajaj Boxer a Indiya ba shi da wannan dama. Hannu ɗaya ya ajiye a ransa: na dama, mai yatsu biyar cif, wanda babban yatsa ke zagayowa ta ƙasa ya haɗu da manuni su damƙe totur su murɗa. Mafi yawanmu irin hannun ke gare mu, shi ya sa har mu tsufa a kan babur ba mu taɓa lura cewa zato aka yi mana ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, irin hannun ke gare shi har zuwa kakar da bel ɗin injin niƙa ya kama hannun rigarsa a wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Kafin a kashe injin, babban yatsa da manuni sun tafi. Aka kai shi Sakkwato, aka ɗinke, ya dawo da yatsu uku. Da ciwon ya warke sai ya koyi cin tuwo da su, ya koyi riƙon buta da carbi, har igiyar akuya yana ɗaurewa. Babur ne ya gagara. Yatsu uku suna iya rataya a kan totur, amma ba sa iya murɗa shi su kuma riƙe shi a wuri ɗaya, musamman a hanyar da ke girgiza mutum kamar ta fadamar wajen Kuchi, inda gonarsa take. Wanda ya san ƙasar nan ya san babur ba ado ba ne. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai buhu Tambuwal ko Jega ko Gummi, da shi ake ɗaukar mai naƙuda cikin dare. Magidancin da aka raba da babur sai ya koma jiran lokacin wasu.

Wani bakanike a Tambuwal, a bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, shi ya warware matsalar. Ya zare wayar totur daga mazauninta, ya samo hannun birkin keke, ya ɗaure shi a kan babur ɗin daidai inda yatsun uku ke sauka, ya maƙala wayar a jikinsa. Ya ƙara sifirin mai ƙarfi don abin ya riƙa komawa da kansa in an saki. Yanzu kawu ba murɗawa yake yi ba, jawowa yake yi. Ranar da ya fara zagaya filin ƙwallo da shi, yara na binsa da gudu, sai da ya sauka ya share ido da hular kansa.

Ba mu muka fara ba. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya rabin shekara akwai wani abin hawa mai kai irin na babur, gabansa silale biyu, bayansa bel mai haƙora. Joseph-Armand Bombardier, mutumin wani ƙaramin gari mai suna Valcourt a lardin Kwibek na Kanada, shi ya fi shahara da ƙera shi. A shekarar 1934 ɗansa ƙarami ya rasu saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, abin da ya ƙara ɗaure shi ga aikin, kuma a 1959 ƙaramin samfurin da ake kira Ski-Doo ya shiga kasuwa. Totur ɗin wannan babur na ƙanƙara ba murɗa shi ake yi ba, ɗan harshe ne a bayan mariƙi da ake turawa da babban yatsa. A tafiya mai nisa yatsan na gajiya, sanyi kuma na daskarar da shi, don haka wasu masu hawan sukan juya totur ɗin ya koma gaba, su riƙa jan sa da manuni da na tsakiya. Gardamar da suke yi a can kan wannan juyi ita ce ta same mu a nan, sai dai mu da rigar addini ta zo mana.

A majalisar da muke zama bayan Isha'i wani dattijo, abokin kawu tun ƙuruciya, ya ce shi abin bai kwanta masa ba. A ganinsa Allah da ya karɓi yatsun ya san me yake nufi, kuma wanda aka karɓi abin hawansa ta wannan hanya ya kamata ya karanta saƙon ya haƙura. Yin dabara a kewaye ƙaddara, in ji shi, alamar rashin sallamawa ce. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba hassada ta sa shi magana ba. Irin tarbiyyar da aka yi wa da yawanmu ke nan, wadda ta haɗa haƙuri da naɗe hannu wuri ɗaya. Kawu ya juyo gare ni, saboda ni ke koyar da darasin addini a sakandare, ya ce: “Kai Malam, kai da kay yi karatu, mi littahi yac ce?”

Wannan ɓangaren bai yi mini wuya ba. Addinin da muke bi, shi kansa a kan jikin mutum aka auna shi. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla, aka ce ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Buhari ya kawo wannan. Wanda ruwa zai cutar an ba shi taimama. Arfaja ɗan As'adu an yanke masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi wari, Annabi ya umarce shi ya yi na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Ba a ce masa ya zauna haka ya karanta saƙo ba. Ayar da ke cikin Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah kuwa ba ta shafi abin da ya fito daga masana'anta ba. Babur ƙirar mutum ne, kuma abin da mutum ya ɗaura da sukurori mutum na iya kwance shi. Haƙurin da aka yaba shi ne na zuciyar da ba ta tuhumi Ubangijinta ba; ban ga inda aka ce ya haɗa da ƙin zuwa gareji ba.

Akwai ma wani wuri da nakan tsaya in yi mamaki. A hukuncin diyya kowane yatsa raƙuma goma ne, kuma Ibn Abbas ya ruwaito cewa babban yatsa da ƙaramin daidai suke. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya taɓa bambanta su gwargwadon amfaninsu, ya ba babban yatsa kaso mafi tsoka, har aka ga wasiƙar da Annabi ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, mutane suka koma ga daidaitawa. Injiniya zai ce Umar ne ya yi lissafi daidai, don babu mai shakkar babban yatsa ya fi sauran aiki. Shari'a ta ƙi auna gaɓar mutum da yawan aikin da take yi. To in haka ne, mai yatsu uku bai zama ragowar mutum ba don wani kamfani bai yi lissafi da shi ba. A garuruwanmu da aka daɗe ana naɗa Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, aka kuma saba ganin wanda ya rasa gaɓa ya ɗauki ƙoƙo, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Najeriya ta samu dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Janairun 2019, an kuma tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kuma abin da ya fi fitar da su daga bara shi ne mai walda da ya ƙara wa babur ƙafa ta uku, ya mayar da giya da birki hannu.

Da a nan zancen ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Dattijon nan ya kuskure dalili, amma rashin natsuwarsa na da tushe, kuma bakaniken ne ya fara nuna mana shi, ba wani malami ba. Ranar da ya miƙa makulli ya riƙe kan babur ɗin ya ce wa kawu: “Baba, wanga ba birki na ba, totur na. Wanda duk yaj ja shi don shi tsaya, tahiya za shi yi.”

Ga abin da yake nufi. Mutum idan ya firgita hannunsa damƙewa yake yi, ba ya shawara da shi. Masu ƙera babur sun san haka, shi ya sa suka ajiye birki a inda damƙa ke sauka: ka tsorata, ka matse, ka tsaya. Masu babur ɗin ƙanƙara ma da dalili suka ajiye totur a bayan mariƙi. Yatsu huɗu na nan riƙe da kai, reshen itace ba ya samun harshen ya danna shi, kuma idan injin ya fizga ya jefa mahayi baya, babban yatsansa janyewa yake yi daga totur, gudu ya ragu. In ka juya shi gaba, duk wannan ya juye. Fizgar da ta jefa ka baya za ta sa ka ƙara ja, tsoronka ya koma mai a cikin inji. Gajiyar babban yatsan da suke kuka da ita gaskiya ce, amma wani abu take gadi. A babur ɗin kawu lamarin ya fi haka tsanani, domin abin da ke ƙara wuta yanzu kamarsa ɗaya da abin da kowane yaro a Tambuwal ya sani da sunan birki.

A nan rangwamen ibada ya rabu da rangwamen hanya. Wanda ya yi salla a zaune babu wanda ya biya masa kuɗin zamansa, tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Wanda ya sauƙaƙa wa hannunsa a kan titi kuwa, akwai mai tallar fura a gefen hanya, akwai jakin da ke tsallakawa da kara, akwai ɗan makarantar allo da ya fito da gudu daga lungu, kuma babu wanda aka tambaya a cikinsu. Malamanmu na Malikiyya na farko ba su taɓa ganin inji ba, amma sun san wannan. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta alhakin abin da ta taka. Ya kuma bambanta wanda ya haƙa rijiya inda ya halatta gare shi da wanda ya haƙa ta inda bai halatta ba a kan hanyar jama'a: na farko babu komai a kansa, na biyu shi ke lamuni in wani ya faɗa. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka kawo kan wanda ya shiga ba da magani alhali ba a san shi da ilmin ba, cewa ɓarnar a wuyansa take. Ni a fahimtata duk wanda ya kwance abin da maƙerin farko ya ɗaura, ya zama shi ne maƙerin, ya gaji duk tambayoyin da wancan ya yi wa kansa. Ba ya isa ya ce abin ya yi aiki. Sai ya tambayi me tsohon tsarin ke karewa, kuma wa zai kare shi yanzu.

Mu kam mutanen gyare-gyare ne, kuma ban ga laifin haka ba. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, manoman rani da yawa sun mayar da injinan ban ruwansu su riƙa shan gas ɗin girki, kuma shinkafa da albasa da yawa ta wannan dabara suka tsira. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke tsayawa a kan “ya tashi” mu yi hamdala mu watse, tulun gas na zaune cikin rana kusa da salansa mai zafi.

Bakaniken ya yi abin da zai iya. Ya shafa wa sabon totur ɗin jan fenti. Ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya yi masa shinge ta gaba don kada kara ko kafaɗar wani a cunkoson kasuwa ta danna shi. Birkin gaba, wanda yatsun uku ba za su iya haɗawa da totur a lokaci ɗaya ba, ya daidaita na ƙafa sosai don ya ɗauke nauyinsa, ya kuma gaya wa kawu gaskiya cewa babur mai dogaro da birki ɗaya ba na gudu ba ne. Na ba shi labarin igiyar da masu babur ɗin ƙanƙara ke ɗaurawa a jikinsu, wadda in mutum ya faɗo take fizge wani ɗan maɓalli injin ya mutu. Ya yi dariya ya ce ai wannan aikin rabin yini ne, ya haɗa irinta. Ya kuma ce da tun farko ƙaramin babur ne irin wanda ake kira roba-roba, da abin ya fi sauƙi, don hagunsa babu kuloci, sai a mayar da totur can. Gaskiyarsa. Kakan irin waɗannan babura, Honda Super Cub na 1958, an yi shi ne da niyyar yaron da ke kai taliya gida-gida a Japan ya iya tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da faranti. Ashe kamfani ma in ya ga dama yana iya tuna wani hannun.

Abin da fenti da shinge ba su warware ba shi ne aro. A nan babur ba na mutum ɗaya ba ne ko da shi ya biya kuɗinsa. Ɗanka zai ɗauka ya kai niƙa, maƙwabci zai aiko a ba shi ya je ta'aziyya Dogon Daji, ƙanin matarka zai gan shi a zaure da makulli a jiki ya ɗauka ya ce ai na gida ne. An kuma rene mu da jin cewa hana irin wannan rowa ce, har Suratul Ma'un muke jawowa, wadda ta zargi masu hana ɗan abin amfanin yau da kullum. Ga shi yanzu kawu na da abin da bayar da shi aro ya fi kama da haƙa rijiyar nan a kan hanya. Ko ya yi bayani, bayani a kunne yake tsayawa; hannun da ya shekara ashirin yana matse birki a wurin nan ba zai tuna jawabin safe ba lokacin da akuya ta faɗo titi.

Na ce masa kada ya bayar, ko ga wa. Na san abin da nake ɗora masa. Mutum ne da aka san shi da sakin hannu, kuma bayan haɗarin mutanen nan ne suka yi masa noma kaka guda ba su karɓi ko kwabo ba. Da maƙwabcin da ya fi kowa yi masa wahala ya zo aro, kawu ya ce masa: “Yi haƙuri, wanga mashin ba shi hawuwa ga kowa. Zo in kai ka da kaina.” Ya kai shi har inda za shi, ya jira shi, ya dawo da shi. Duk da haka maganar ta zaga gari cewa tun da ya samu lafiya ya canza. Wasu daga cikin masu faɗin haka su ne suka fi kowa yaba dabarar bakaniken. Na lura mutane sun fi saurin yafe wa wanda ya ba su abin da ya ji musu ciwo a kan wanda ya hana su don kada su ji, kuma ban ga alamar wa'azi zai gyara wannan da wuri ba. Sauƙin da kawu ya samu a hannu, a zumunci ya biya shi, kuma har yau yana biya. In ranar sayarwa ta zo kuma, wajibi ne ya mayar da totur ɗin asali ko ya bayyana wa mai saye komai, don ɓoye irin wannan ya wuce ɓoye aibin haja.

Daga baya wani saurayi ɗan kabu-kabu, mai yatsunsa goma lafiya lau, ya ga babur ɗin ya je gareji ya ce shi ma irinsa yake so. Dalilinsa ba na banza ba ne: daga asuba zuwa dare yana murɗa totur, wuyan hannunsa na kwana yana zogi. Dalilin mutanen Kanada ke nan daidai, kuma can kamfanin da ke yin Ski-Doo har ya fitar da samfuran da mai shi ke iya juya totur ɗin da kansa. Sai dai su a sarari suke tafiya, yawanci mutum ɗaya a kan abin hawansa, kuma injiniyoyin da suka yi abin ne suka tsara juyin. Malaman usulu sun raba larura da buƙata da abin ƙawa, kuma abin da larura ta buɗe ba lallai buƙata ta buɗe shi ba, balle in akwai mutum na uku a zaune a baya da bai san komai ba. Kawu ba shi da wata hanya. Saurayin yana da ita. Bakaniken, wanda ko Ishmawi ban tabbata ya sauke ba, ya isa wurin kafin ni. Ya duba babur ɗin ya ga wayar totur ta bushe ta yi tsatsa, robar mariƙin ta cinye, ya ce zai canza su biyun hannun ya huta, amma ba zai sa wa babur ɗin haya totur mai kama da birki ba, ko nawa za a ba shi.

Saurayin bai ji daɗi ba. Ya ce kuɗinsa ne, babur ɗinsa ne, hannunsa ne ke ciwo, ya tayar ya tafi. An ce ya samu wanda ya yi masa a wani gari. Shi ya sa yanzu in zan hau kabu-kabu a bakin tasha nakan leƙa kan babur ɗin ta dama kafin in ɗaga ƙafa, in kuma na ga abin da ban gane ba sai in tambaya, ko da mai shi zai ce Malam ya cika bincike.